Barlum a Hartum

A shekarar 1995 na sauka Hartum domin karatun kimiyya. Mahaifina ya sayar da shanu biyu a Zariya kafin kuɗin jirgi da na makaranta su cika, ya kuwa faɗa mini a fili cewa babu na uku. Masaukina yana Umdurman, a gidan wani dattijo tela, Bahaushe, wanda iyayensa suka baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka bayan yaƙin Burmi na 1903, tafiya ta tsaya musu a Sudan. Baba nake kiransa.

Kowace safiya sai in shiga bas in haye tsohuwar gadar Farin Nilu, in wuce Mugran inda kogunan biyu suke haɗuwa, har in kai Jami'ar Hartum a bakin Shuɗin Nilu. Ginin jan bulo ne, wanda aka buɗe a 1902 da sunan Kwalejin Godon. A can ɗan shekarar farko barlum ake ce masa, kalmar da aka lanƙwaso daga Turanci, ana faɗinta da dariya. Ban damu da sunan ba. Zafin rana ma, da cin ful safe da yamma, duk na saba da su cikin wata guda.

Abin da ya kayar da ni harshe ne. Tun 1990 gwamnati ta umarta a mai da koyarwar jami'o'i zuwa Larabci. Ni kuwa da Turanci na koyi kimiyya, Larabcina kuma na makarantar allo ne da ɗan Ahalari. Malami zai rubuta alamomin sinadarai a allo yadda na san su, sa'an nan ya juyo ya yi bayani da Larabcin Sudan, da sauri kamar ruwan ƙanƙara. Girman kai ya hana ni tambaya, gama a sakandare ni ne na ɗaya.

Ranar gwajin farko a ɗakin awo aka ce kowa ya rubuta ƙarfin ga'ida. Na san mutanen Sudan suna mai da ƙ ta koma g, saboda haka na ce a raina, ƙa'ida ke nan, watau doka. Na zauna na cika shafi da dokokin aikin. Ashe a bakin masu kimiyya ƙa'ida ita ce kishiyar asid, irin su kanwa da ruwan toka, wadda ake ɗiga wa asid kaɗan kaɗan har launin ruwan ya juya. Abin yana gabana cikin kwalba! Na sami biyu bisa goma.

Da dare Baba ya ga ban taɓa kisra ba. Ya ce, "Ɗana, me aka koya muku yau?" Na ce abin ba na Hausa ba ne. Ya ajiye almakashi ya ce, "To, in ba ka iya faɗa mini ba, kai ma ba ka ji ba."

Daga ran nan kullum bayan lisha sai in zauna kusa da kekensa in maimaita darasin da Hausa. Inda na maƙale, nan ne ban gane ba, sai in sa alama in kai wa wani abokina ɗan Madani da safe, in biya shi da shayi wurin mai shayin ƙarƙashin dalbejiya. Na buɗe littafi mai layi uku: Larabci, Turanci, Hausa. Wasu kalmomin ma ashe namu ne tun dā. Da na ce masa zarra ita ce mafi ƙanƙantar abin da sinadari ya ƙunsa, Baba ya yi dariya ya ce wannan kam ya riga malamina saninta. Hausarsa tsohuwa ce, yakan gyara tawa ba tare da ya ɗaga kai daga ɗinki ba.

A ƙarshen shekara na haye, ba da wani babban sakamako ba, amma ba a ce in maimaita aji ba. Na rubuta wa mahaifina wasiƙa, Baba ya karɓa ya ƙara gaisuwarsa a ƙasa da ajami.