Baba, Je Ka Huta

 Yau labarin gidana zan ba ku, don na san ba gidana kaɗai abin ya taɓa ba. Kowace mace a Funtuwa ko Malumfashi ko Bakori, in ta waiwaya, za ta ga wani nata wanda aka sallama daga aiki da sauran ƙarfinsa, ya nemi wani ya rasa saboda furfura.

Maigidana ɗan Funtuwa ne, ubansa manomin auduga. Ku yara ba ku ga zamanin da auduga take da daraja a garin nan ba. Nan ne mazaunin Hukumar Auduga ta Nijeriya duka, har 1986 da gwamnatin Babangida ta rushe ta. Malam bai tsaya gona ba, ya bi audugar zuwa inda ake saƙa ta. A 1978, yana da shekara 20, ya shiga wata masaƙa a Kakuri cikin Kaduna. Ya fara da share ƙura a ƙarƙashin inji, har ya zama babban makanike. In inji ya sāke kuka, tun daga bakin ƙofa yakan san abin da ke damunsa. Can aka kai ni amarya, can na haifi 'ya'yana shida.

Ana nan sai masaƙu suka soma mutuwa. Wutar lantarki ba ta tsayawa, baƙin mai ya yi tsada, atamfar waje kuma tana shigowa ta fasa-ƙwauri da araha. Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007, tsakaninsu kuwa wasu suka bi. Tasu Malam ma ta shiga sahu, yana da shekara 47. Muka ɗaure 'yan komatsanmu a bayan mota muka komo gida, 'yar auta tana goye a bayana.

Da farko ban damu ba. Na ce a raina, mai sana'a irin tasa ba ya kwana da yunwa a garin da ke da injinan gurzar auduga da na matse mai. Da kaka ta yi, na wanke masa rigarsa na kai bugu, ya ɗauki takardun shaidarsa ya fita. A wuri na farko ya tarad da manaja yaro ne, sa'an ƙanensa na uku. Yaron nan ya tashi tsaye, ya ba shi kujera, ya duba takardu, kāna ya ce, "Baba, ai kun yi naku. Aikin nan na yara ne, ku je ku huta." Ya ba shi kuɗin mota, ya raka shi har ƙofa.

To, jama'a, ku dubi wannan magana. A ƙasarmu in an ce wa mutum Baba an girmama shi ke nan, amma ran nan da wannan kalma aka rufe masa ƙofa. Da zaginsa aka yi, da ya san abin da zai mayar. Yaya mutum zai yi da wanda ya kore shi cikin ladabi? Hutun me zai yi, alhali yara huɗu suna makaranta, ɗaya tana shan nono?

Haka ya yi ta yawo, Funtuwa, Malumfashi, Gusau, Zariya. Wani wuri a ce masa injinan yanzu na kwamfuta ne, babba ba zai iya koyo ba, ba kuwa tare da an gwada shi ba. Wani wuri a ce ya yi musu tsada, shi kuwa bai ma faɗi albashi ba. Wani magatakarda ne ya gaya masa gaskiya a ɓoye: ya ce yaro ya fi daɗin aike, ana iya yi masa tsawa a rage masa kuɗi ya yi shiru, mai gemu kuwa ya san hakkinsa, kuma ana jin nauyinsa.

Wata rana da hantsi na shiga ɗaki ɗaukar tsintsiya, sai na tarad da shi gaban madubina, da ɗan ƙoƙo, yana shafa wa gemunsa baƙin rini. Muka haɗa ido. Wallahi da na san abin da zan gani, da ban shiga ba. Ya ce wani abokinsa ya ba shi shawara ya rina gemu, ya je kotu ya yi takardar rantsuwa ya rage shekara goma, wai kowa haka yake yi. Na durƙusa na ce, "Malam, in ka rage goma, babbar 'yarka kana da shekara 14 ka haife ta ke nan, masaƙa kuma kana ɗan shekara 10 ta ɗauke ka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma abincin da za a rantse a kan ƙarya a samo, ni ina tsoron zuba wa yaran nan shi." Ya yi shiru, can sai ya yi dariya, ya ce in kawo ruwa da sabulu. Rinin bai fita ba sai da ya yi sati uku yana sunne kai a masallaci.

Aiki ɗaya ne aka yarda tsufa ya dace da shi, watau gadi. Mutumin da yara ashirin suke aiki ƙarƙashinsa ya koma kwana a bakin wani sito na masara da tocila da sanda, shekara ɗaya da rabi. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, amma ya daina hira, ya daina zuwa ɗaurin aure. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, fiye da ƙarancin cefane. Cikin abokan aikinsa na Kakuri akwai wanda ya hau acaɓa yana da shekara hamsin da 'yan kai, akwai wanda hawan jini ya kwantar, akwai waɗanda muka je ta'aziyyarsu.

Ni ma ban zauna ba. Na kama ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, na shiga adashi. Ran da na kwashi nawa, na haɗa da 'yan kunnena na aure na sayar, na ajiye kuɗin gabansa na ce ya sayi kayan aiki. Ya kafa rumfa a bakin hanya. Allah da ikonsa, ƙasarmu ta noma ce. Tun da aka kawo Aikin Gona na Funtuwa a 1975 masara ta bunƙasa a nan, ga masu noman rani a Mairuwa, ga masu tumatir da rake a Ɗanja. Duk inda injin ban ruwa ko na niƙa ko na casar masara ya ƙi tashi, sai a ce a kai wa Baba. Yara tara ya yaye a rumfar nan, kowannensu yanzu da tasa.

Har irin wuraren da suka ƙi shi sukan aiko in injinsu ya gagari yaransu. Ya je ya gyara, a sallame shi da kuɗin yini, amma ba a taɓa rubuta sunansa cikin ma'aikata ba. Sun san da tsohuwar zuma ake magani, saye ne ba su so su yi, sai lasa.

Kada ku ce ina faɗa da yara. Ɗana na biyar yajin aikin malamai ya riƙe shi a jami'a, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, ya fito ya tarad da sanarwar aiki tana cewa kada mai nema ya wuce shekara 27, shi kuwa ya haura 30. Ya zo ya zauna kusa da ubansa a rumfa ya ce, "Baba, ni ma wai na tsufa." Shi ya karanta mini cewa a Amurka tun 1967 aka yi dokar hana ƙin ɗan shekara 40 ko fiye aiki saboda shekarunsa. Tsarin mulkinmu kuwa, a sashe na 42, ya hana bambanci don ƙabila ko addini ko zama mace ko namiji, amma bai ambaci shekaru ba. A 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira a daina sa iyakar shekaru cikin sanarwar aiki, amma kira dabam, doka dabam.

Mu ma mata muna da namu laifin. Da muna Kaduna wata dattijuwa ta yi sallama tana neman aikin wanke-wanke, na ce mata, "Iya, ai sai yarinya," na ba ta sadaka ta tafi. Ban tuna da ita ba sai ran da Malam ya komo da kuɗin motar manajan nan a hannu. Ko ina ta kwana, ko wa take ciyarwa, ban tambaya ba.

Saboda haka, 'yar'uwa, in maigidanki ya komo da irin wannan labari, kada ki tare shi da lissafin cefane a bakin ƙofa, kuma kada ki yi masa gori gaban yara. Ki riƙe 'yar sana'arki tun yana da albashi. Ku kuma 'yan makaranta, cikinku akwai waɗanda gobe za su zauna bayan tebur suna ɗaukar ma'aikata. In mai furfura ya miƙo muku takarda, ku ba shi aikin ya gwada a gabanku, sa'an nan ku yanke hukunci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, don shekarun da kuke ƙirga masa ku ma suna nan tafe.

Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin. Wassalam.