Yadda Na Zaɓa wa Amfilifayata ta Farko Taransifoma

Duk wanda ya taɓa sha'awar haɗa amfilifaya da hannunsa, wato na'urar nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, zai ba ni shaida cewa ƙananan kayan da ake jerawa a kan allo ana like su da dalma su ne ke ɗauke hankalin sabon shiga. Taransifoma kuwa, wannan dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ke zaune a lungun akwati, ba kowa ke kula ta ba. Alhali a ƙaramar amfilifaya ita ce ta fi komai tsada, kuma ita ce ke yanke hukuncin ko na'urar za ta yi shekaru tana aiki, ko ta tashi da hayaƙi tun daren farko.

Ni dai ba injiniyanci nake karanta ba. Hausa nake karantawa, kuma ba a nono na sha ta ba. Wanda ya koyi harshen nan da girmansa ya san wahalar kama karin sauti da tsawon wasali, ya rarrabe garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuka tuwo da shi. Ina da tarin hirarraki da waƙoƙin Mamman Shata a wayata, amma ɗan lasifikarta yana cinye rabin muryar. Ga shi kuɗin sayen sabuwar amfilifaya ya fi ƙarfin aljihuna. Sai wani tsoho mai gyaran rediyo a unguwar Sabo, wanda nakan zauna a rumfarsa don goge baki, ya ba ni tsofaffin lasifika biyu masu om 8, ya ce sauran aikin ya rage nawa. Kuɗin abincina na kusan mako biyu na ware wa taransifomar, saboda haka ba ni da halin saye sau biyu.

Aikinta a taƙaice shi ne rage ƙarfin wuta. Wutar da ke shigowa ɗakunanmu a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. A cikin taransifoma akwai naɗin waya biyu a jikin ƙarfe ɗaya, ba sa taɓa juna, maganaɗisu ne ke ɗaukar ƙarfi daga wannan zuwa wancan, bisa abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. Idan naɗin farko ya ninka na biyu kamar sau 19, to bolt 230 za ta koma 12.

Zuciyar amfilifayata ɗan ai-si ne mai ƙafa biyar da ake kira TDA2030A, ɗaya ga kowace lasifika. Yana son wuta ta ɓangare biyu, ta sama da ta ƙasa, da sifiri a tsakiya. Shi ya sa dole a nemi taransifoma mai wayoyi uku a wajen fita, irin wadda ake rubuta wa 12-0-12 ko 15-0-15 ko 18-0-18. Takardar masu ƙera shi ta ce iyakar abin da zai jure shi ne bolt 22 a kowane ɓangare.

To, mai karatu, a nan gizo ke saƙar. Wanda ya ga 18 a jikin taransifoma, ya ga 22 a takarda, zai ce ai akwai sauran fili. Babu fili ko kaɗan. Lambar da ke jikin taransifoma ba ƙololuwar wutar ba ce, wani awo ne na tsaka-tsaki. Da zarar wutar ta bi ta dayod huɗu da ke miƙar da ita ta koma irin ta batir, manyan kondensa suka cika, sai ta hau har ƙololuwa, wato a ninka lambar da 1.4. Ka ga 18 ta zama 25 ke nan, ai-si ya ƙone. Ita ma 15 ta zama 21, ta tsaya a bakin rami. Bugu da ƙari, ƙaramar taransifoma idan ba a ɗora mata kaya ba takan ba da fiye da abin da aka rubuta, sau da yawa da kashi goma cikin ɗari. Ga kuma halin wutar garinmu, wadda takan yi ƙasa da yamma, ta yi tsalle da tsakar dare, balle a ce an tayar da janareta. Da na haɗa waɗannan duka, sai na ga 15 za ta haura 22, ita kuwa 12 ko ta yi tashin gwauron zabi ba za ta wuce 19 da ɗoriya ba. Wannan lissafin ne ma ya sa na tsaya a kan ai-si mai harafin A a ƙarshe, domin yayansa TDA2030 bolt 18 kawai yake ɗauka.

Da na kai wa tsohon nan lissafina a takarda, sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, duk wannan rubutun don ka gano 12? Da ka tambaye ni ai da tuni na faɗa maka." Na ce, "Baba, so nake in san dalili." Ya ce to saura in san nauyin kayan da za ta iya ɗauka.

Wannan shi ne awo na biyu, wato amfiya. Da wuta bolt 16 ko 17 a kowane ɓangare, lasifika mai om 8 za ta samu wat 10 ko 11, biyu ke nan wajen wat 22. Amma irin wannan amfilifaya tana ɓarnar wuta mai yawa ta hanyar zafi, ko a lissafin takarda ba ta wuce kashi 78 cikin ɗari na abin da ta ci, a aikace kuwa ƙasa da haka sosai. Don haka masu sana'ar kan ninka buƙatar sau biyu. Taransifoma 12-0-12 mai amfiya 2 tana ba da 48, wato 24 sau 2, wadda za ta isa da ƙyar. Mai amfiya 3 tana ba da 72. Ita na zaɓa, domin yawan amfiya ba ya ƙona komai, na'ura abin da take buƙata kawai take ja. Ƙarancinsa ne ke sa wuta ta faɗi idan ganga ta buga, murya ta shaƙe, taransifoma ta yi zafi.

A kasuwa na tarar da iri biyu. Akwai mai kama da gammo, wadda ba ta cika watsa maganaɗisu ba, saboda haka ba ta cika sa lasifika ƙugi ba, sai dai tsada. Akwai kuma mai kusurwa huɗu da muka saba gani a tsofaffin rediyo. Aljihuna ya zaɓa mini ta biyun. Baba ya riga ya gargaɗe ni da abu biyu. Na farko, in duba gefen shiga, kada in ɗauko wadda aka ciro daga kayan Amurka, domin can bolt 120 suke amfani da ita. Na biyu, in auna ta a tafin hannu. Wani mai shago ya miƙo mini wata mai rubutun amfiya 5 a kan farashi mai sauƙi, amma ko nauyin mai amfiya 3 da ke gefenta ba ta kai ba. Ƙarfe da jan ƙarfe ba sa ɓoye nauyinsu, takarda kuwa kowa na iya mannawa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Na ajiye masa abarsa, na ɗauki mai nauyin.

Ranar gwaji a rumfar Baba muka yi, don ya ce gefen bolt 230 ba wurin wasan yara ba ne. Ya sa na saka fiyus a hanyar shiga, na rufe duk wayar da ke tsirara, sannan muka jona dayod da kondensa biyu masu maikurofarad 4700 da bolt 35, ba tare da ai-si ba tukuna. Mita ta nuna 17 da ɗoriya a sama, haka ma a ƙasa. Daga nan ya nuna mini in kafa taransifomar a can ƙarshen katako, nesa da wayar da ke kawo sauti daga wayar salula, in kuma murɗa wayoyinta kamar igiya. Da muka kunna, sai na kara kunne a jikin lasifika kafin in ji ɗan ƙugi ƙasa-ƙasa. Akwati ne har yanzu ban samu ba, a kan katakon take zaune a ɗakina, na kife ta da kwandon roba saboda abokin zamana mai yawan taɓe-taɓe.