Mai Gyaran Hannu

A Ingila ƙungiyoyin kurket na gundumomi sukan ɗauki mutum guda, aikinsa kurum koya wa 'yan wasa bugun ƙwallo da sanda. Graham Gooch ya yi wannan aiki a Essex, inda Alastair Cook ya taso a hannunsa. Daga baya ƙungiyar ƙasa ta ɗauke shi, ta sallame shi a 1 ga Mayu, 2014, bayan Ostareliya ta lallasa su. Kyaftin a lokacin kuwa Cook ne, ka ji duniya!

Mu a Batsari da Safana dambe muka sani, shi ma da nasa mai gyaran hannu, ba takarda ba albashi. Tsohon ɗan dambe ne yakan ɗaura wa yaro kara, yana cewa, "Kai yaro, kafa ƙafarka tukuna ka kai hannu." In aka yi kisa makaɗi ya wasa yaro, ba ya ambaton tsoho.

Shekarun da 'yan bindigar Dajin Rugu suka hana taron dare, dattawan da na sani sun yi hijira Katsina. Ƙannenmu da suka taso a lokacin ƙarfi gare su, amma dukan nasu iska yake sha.