Da Wane Jiki Za Mu Yi Sujada A Shekara 70?



Ya 'yan uwana matasa, dukkanmu muna roƙon Allah Ya ba mu tsawon rai mai albarka, amma kaɗan ne daga cikinmu ke tsayawa su tambayi kansu: idan Allah Ya amsa wannan addu'a, da wane irin jiki zan bauta Masa? Wannan tambaya ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, musamman ganin yadda kujeru ke ƙaruwa a gefen sahu a masallatanmu. Babu shakka shari'a ta yi sauƙi ga wanda ya kasa tsayuwa, kuma wata cutar jarrabawa ce da babu mai kauce mata. Sai dai wata kuma mu ne muke shuka ta da hannunmu tun muna samari.

Masana lafiya sun tabbatar cewa ƙashin ɗan Adam yana kai ƙarshen ƙwarinsa ne a wajen shekara 30, daga nan kuma tsoka ta fara raguwa sannu a hankali, musamman ga wanda ba ya motsa ta. Ke nan gwiwar da dattijo zai durƙusa da ita, yanzu ake gina ta. Da yawa daga iyayenmu ba sa samun halin zuwa Hajji sai shekaru sun ja, alhali sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa jifa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na shekarar 2020, ta ce baligi yana bukatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Ni kam da na lissafa, sai na ga tafiyar minti 30 ce da ɗan sauri, kwana 5 a mako. Wanda ya taka zuwa masallaci ko kasuwa da ƙafa maimakon hawa babur, ya kama hanyar cika wannan adadi.

Sai batun ciki. Hukumar ta ce kada gishirin da mutum zai ci a yini ya kai gram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da ake zuba wa miya yawancinsa gishiri ne. Yawan gishiri na jawo hawan jini, shi kuwa hawan jini yakan yi shekaru bai nuna alama ba, sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Saboda haka nake auna jinina lokaci-lokaci ko da ina jin garau. Gero, dawa, wake, zogale, rama da daddawa da kakanninmu suka rayu a kansu sun fi mana lemon kwalba da soye-soye nesa ba kusa ba. Manzon Allah (SAW) ya koyar da mu kada mu cika tumbi, mu bar wa ruwa da numfashi gurbinsu. Haka nan barci: jiki na bukatar aƙalla awa 7, wanda ya kwana yana latsa waya kuwa ya cuci jikinsa, ya kuma cuci Asubarsa.

Kada wani ya ce ai ajali ba ya gaba ba ya baya. Gaskiya ne, amma ba a ɗora mana ƙirga kwanaki ba, amanar jiki aka ba mu, kuma riƙo da sababi ba ya kore tawakkali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu tsufa goshinmu na kaiwa ƙasa, Ya ba iyayenmu marasa lafiya sauƙi. Amin.

Wassalam.