Wasiƙa Daga Kaunas Zuwa Yelwan Yauri

Ƙanena,

 Garin nan Kaunas na ƙasar Lituweniya yana mahaɗar koguna biyu ne. A 1959 aka datse babban koginsa, Nemunas, ruwa ya ci ƙauyuka, kamar yadda dam ɗin Kainji ya tashi Gungawa daga tsibiransu a 1968. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata unguwa da ke tsallaken ruwa, Slabodka, inda wani malamin Yahudawa, Nosson Tzvi Finkel, ya kafa makarantar addini wajen 1882.

Makarantar tana bin tafarkin Musar ne, wato tarbiyyar zuciya, wanda Isra'ila Salanter, da ya rasu a 1883, ya assasa. Mabiyansa sun saɓa kan yadda ake gyara hali. Mutanen wata makarantar Musar, Novardok, suna ganin sai an karya zuciya, har ɗalibi kan jawo wa kansa dariyar jama'a da gangan don ya daina tsoron bakinsu. Finkel kuwa yana fara sanar da yaro darajarsa ta ɗan Adam, shi ya sa aka san ɗalibansa da tsaftar tufafi da kamala. Ni ra'ayinsa na ɗauka, domin wanda ya raina kansa ba ya ɗora wa kansa nauyi. Saurayin Ngaski ko Shanga da bakinsa ya saba da "mu su wa?" ya riga ya sallama kansa ga lalaci, ya kuma sa masa sunan tawali'u. Kunyar da aka rene mu a kanta ado ce a gaban manya, ba ta taɓa hana kowa neman ilimi ko sana'a ba.

Za ka ce wannan ƙofar girman kai ce. Da haka ne, in da ba a haɗa ta da hisabi ba. A 1808 wani malami, Menachem Mendel Lefin, ya fitar da littafin hisabin kai mai halaye 13, irin su haƙuri, gaskiya da tsafta. Mutum zai riƙe ɗaya mako guda, yana rubuta inda ya kasa, ya zagaye su sau huɗu a shekara. Mai girman kai ba ya iya zama da daddare ya rubuta laifinsa. Sai wanda ya yarda cewa zai iya gyaruwa.

Na san kuma abin da za a faɗa a majalisa: me ya haɗa mu da Yahudawa, ga halin da Falasɗinawa suke ciki? Zafin gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Sai dai mutanen Slabodka ba su ne suka yi wannan ba. 'Yan Nazi sun killace su a unguwar tun 1941, suka karkashe mafi yawansu. Hanyar ma ba baƙuwarmu ba ce. Bahya ibn Paquda, wanda 'yan Musar ke karanta littafinsa, da Larabci ya rubuta shi a Andalus a ƙarni na 11, ya kuma ɗebo daga malaman zuhudu na Musulmi. Karamcin 'yan Adam yana cikin Suratul Isra'i, aya ta 70, muhasaba kuwa tun zamanin Harisu al-Muhasibi na Bagadaza malamanmu ke karantar da ita.

Saboda haka ka nemi ɗan littafi, ka zaɓi hali ɗaya daga ranar Juma'ar nan, ka fara da cika alkawari. Ka gaishe min da Baba Ƙarami da mutanen bakin ruwa.

Yayanka.