Daga Unguwar Gai Zuwa Birni: Wa Ke Dafa Wa Maigida?

Wannan mako tafiya za mu yi, daga Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya har birnin Kano. Ba kallon benaye zai kai mu ba. Abin da mutane ke ci a waje za mu duba, mu ga kuma hannun da kuɗin ke faɗawa.

Ki fara tsayawa a zaure a Unguwar Gai da hantsi. Ga yarinya ta wuce da ƙosai, ga wata da ƙwaryar fura, can wata tana kiran ɗanwake. Ashe cin abincin saye ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Amma ki lura, kowane kwano daga murhun wata matar aure ya fito. Tana cikin gidanta, ba ta taka kasuwa ba, ciniki na iske ta. Da shi take zubin adashi, da shi take biki, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. In magariba ta yi magidanta su baza tabarma, kowa a fito masa da tuwon gidansa, a yi ciyayya. A da, dattijo ya tsuguna tsakar kasuwa yana cin abinci, ai abin kunya ne.

To, mu hau mota, mu bi ta Rano mu nufi Bunkure. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya kankama a wannan yanki har Kura, ga shinkafa, ga tumatir. Kuɗi suka shiga aljihun samari, shinkafar da kakanninmu suka sani sai ranar salla ta zama ta kullum. Duba bakin tasha ki ga mai shayi da teburinsa, ga burodi, ga ƙwai, ga indomi. Namiji ne fa! Saurayin da a da yake karya kumallo da kokon maƙwabciya, yanzu benci yake zama.

A birni abin ya fi haka. Ma'aikaci ya fita tun da safe, gida ya yi nisa, dole ya ci a waje, wannan ba laifinsa ba ne. Amma duk sa'ad da albashi ya ƙaru, kamar ƙarin Udoji na 1974, sai larura ta koma marmari. Bi titin gidan Zoo da dare ki sha kallo: kaji kan wuta, balangu, dankalin Turawa, da gidajen abinci masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Kin ji Sinawan nan da ke cinikin atamfa da 'yan Kantin Kwari? Ƙasarsu ta ga irin wannan. Sun buɗe ƙofar kasuwanci a 1978, kafin ƙarshen 1987 gidan kajin Amurka na KFC ya buɗe a birnin Beijin, iyaye na bin layi da 'ya'yansu.

Ni ban ƙi mutum ya kwashi iyalinsa ran salla ya kai su su ci daɗi ba. Madalla da wannan. Wanda nake ƙorafi a kansa shi ne mai tsayawa shi kaɗai ya lamushe rabin kaza, ya goge baki, ya iso gida ya ce ya ƙoshi, alhali kuɗin cefanen da ya bari da safe ko manja ba su saya ba. Tuwo ya kwana, uwargida ta yi hasara biyu: ba a ci nata ba, ba a kuma saya wurin 'yar'uwarta ba.

Da aka janye tallafin man fetur a 2023 tsada ta taso, da yawa suka komo ga garau-garau da awara, watau ga tukunyar mata. Kantin Shoprite da aka buɗe a Kano a 2014 ma ya rufe a 2024. Waɗansu matan birni kuwa sun yi dabara: suna soya cincin da sambusa a gida, a yi ciniki ta waya, mai Adaidaita Sahu ya kai. Ke 'yar makaranta, kin ga talla ke nan ba tare da an hana yarinya zuwa aji ba.

Na komo Unguwar Gai da tsarabar gurasar Jakara. Kafin in kwance ɗankwali yara sun cinye, sai da na aika maƙwabta aka sayo mini fura.