A-kori-kura da Kamfanin da Ya Haife Ta

In mutum ya tsaya a Ƙofar Kwaya da hantsi, da wuya ya yi minti biyar bai ga wata 'yar ƙaramar mota ta gifta ba, an labta mata buhunan masara, ko bulo, ko ledojin ruwa, har bayanta na neman taɓa ƙasa. Direbobi na kiranta Hijet, mu kuwa mun tashi mun ji dattawa na ce wa irinta a-kori-kura. A matsayina na ɗalibin Hausa, sunan ne ya fara jan hankalina, domin jimla ce sukutum aka dunƙule ta zama suna, watau motar da ta zo ta kori kurar nan da ake turawa da hannu. Har yau dai ba ta gama korar ba, don 'yan kura na nan suna aikinsu.

Mai wannan mota kamfani ne na Japan da ake kira Daihatsu. A shekarar 1907 aka kafa shi a birnin Osaka, kuma abin da nake so malamanmu su ji shi ne, malaman wata babbar makarantar koyon fasaha ne suka haɗa kai da 'yan kasuwa suka kafa shi, saboda sun gaji da ganin ƙasarsu na sayo injuna daga Turai. Sunan ma haɗi ne irin namu: "dai" daga harafin farko na sunan Osaka, "hatsu" kuwa daga kalmarsu ta inji. Sai a 1951 wannan laƙabi ya zama sunan kamfanin.

Da injuna suka fara, sa'an nan a farkon shekarun 1930 suka shiga ƙera motoci masu ƙafa uku. A 1957 suka fito da Midget, wadda masu ƙananan kantuna suka yi wa rubdugu, a 1960 kuma aka haifi Hijet. Ƙanƙantarta ba ganganci ba ne. Japan na da dokar da ta rage haraji ga ƙananan motoci, amma ta ƙayyade girmansu: tun 1990 injin ba ya wuce cc 660. Aka yi ta don lungunan Osaka, sai ga shi ta dace da lungunan cikin birnin Katsina, inda babbar mota ba ta iya juyawa.

Yawancin waɗanda ke zuwa mana sun riga sun ci zamaninsu a can. Tun da Japan a hannun hagu take tuƙi, mu kuwa mun koma dama tun 1972, sai makanikai su cire sitiyari su mai da shi ɗaya gefen. Daga nan a ɗora mata kayan da wanda ya ƙera ta bai taɓa mafarkinsa ba, ta ɗauka, ta ciyar da direba da yaron mota da iyalansu.

To, yaya ƙaramin kamfani ya rayu a tsakanin manya? A ganina ta hanyar sanin iyakarsa. A 1967 ya ƙulla ƙawance da Toyota. Ya gwada kasuwar Amurka, bai sha da daɗi ba, ya fice a 1992. Ya bar Turai a 2013, ya mai da hankali ga gida da Indonesiya da Malesiya. A 1998 Toyota ta mallaki fiye da rabin hannun jarinsa, a 2016 ta saye shi ɗungurungum. Wani abokina a aji ya ce wannan ai ba rayuwa ba ce, haɗiye shi aka yi. Ni ban yarda ba. Sunan na nan, masana'antun na aiki, Hijet na fitowa bayan shekara sittin da 'yan kai. A tambayi mutanen Bauci labarin Steyr, a ji bambancin wanda ya shiga inuwar wani da wanda aka rufe wa ƙofa.

Sai dai zaman inuwa yana da tsada. A watan Disamba na 2023 wani kwamitin bincike ya bayyana cewa an yi maguɗi har 174 a gwaje-gwajen motoci iri 64, wasu tun 1989. Kwamitin ya ɗora laifin a kan matsa wa injiniyoyi su gama aiki cikin ƙurarren lokaci, ba tare da damar cewa ba su iya ba. Aka dakatar da ƙera motoci a duk masana'antunsa na Japan, sai a Fabrairun 2024 aka fara komawa aiki kaɗan-kaɗan. Shugaban kamfanin ya sauka, wanda ya gaje shi a watan Maris kuwa, Masahiro Inoue, daga Toyota aka aiko shi.